Baba ya ce gara ya mutu da ƙafarsa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a Kejetia. Mahaifina shekararsa 71, tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana jigilar goro da albasa tsakanin Kumasi da Bawku. Ciwon suga ya yi shekara 12 a jikinsa, sigari kuwa tun yana yaron mota yake sha. Shekara biyu da suka wuce ya fara cewa sharaɓarsa ta hagu tana ɗaurewa in zai je masallaci, sai ya tsaya ya huta. Muka ce tsufa ne. Yanzu wata uku ke nan a kujera yake kwana, ƙafa a ƙasa, don in ya miƙe ta a gado yatsun sai su kama zafi kamar an ɗora garwashi. Babban yatsan ya yi baƙi tun da mai yankan farce ya ɗan ji masa ciwo. Mun je asibiti, likita ya taɓa ƙafar ya ce bai ji bugun jini ba, ya ba mu takardar zuwa babban asibiti, ya ce mai yiwuwa a yanke. Baba ya ce gara ya mutu da ƙafarsa. Baffana ya ce sammu ya taka, ya kawo mai magani, kullum ana gasa ƙafar da ruwan zafi ana ɗaura ganye. Yayana da ke Italiya ya ce zai turo kuɗin asibiti, amma ni ce a gida, ni nake jin nishinsa da dare. Takardar ta yi mako uku a jakata. Me zan yi?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, don jinyar uba ba ƙaramin kaya ba ne.

Kafin mu yi nisa, gashin nan a daina shi yau, ba gobe ba. Takardar nan kuma ki fito da ita daga jaka, a cikin makon nan za a yi amfani da ita. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata kafin in ajiye aiki, kuma ƙafa irin wadda kika kwatanta na sha ganinta. Daga nan inda nake zaune ba zan iya duba shi ba, wannan aikin likita ne, amma labarin da kika bayar ya bi layi daga farko har ƙarshe: jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa sun toshe, kuma toshewar ta yi nisa. Cutar ba baƙuwa ba ce, sama da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a duniya, kuma sigari da ciwon suga su ne manyan masu jawo ta.

Tunda Baba direba ne, bari in yi miki bayani da yaren da shi ma zai gane. Jijiyar jini kamar tiyon mai take a mota. Shekara da shekaru kitse da datti suna taruwa a cikin bangonta, hanyar tana ƙara tsukewa. Mota mai tiyo irin wannan tana tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ta kama hawa da kaya sai ta fara shaƙewa, direba ya tsaya, ta huta, ta sake tashi. Wannan shi ne ɗaurewar sharaɓa a hanyar masallaci: naman ƙafa ya nemi ƙarin jini, bai samu ba. Yanzu kuwa abin ya kai motar tana mutuwa ko a tsaye take. Jinin da ke isa yatsun bai ishe su ba ko da ba a motsa su, shi ya sa zafin yake tashi da dare in ya kwanta. Kwanan kujera da yake yi dabara ce irin ta tsofaffin direbobi, waɗanda in famfon mai ya ƙi aiki a daji sai su ɗora galan a saman mota, mai ya gangaro da kansa. Sauke ƙafar ƙasa yana sa ɗan jinin da ya rage ya gangara zuwa yatsu. Ki tambaye shi ko akwai direban da ya taɓa zuwa Bawku ya dawo da galan a kan rufi bai nemi bakanike ba.

To ki duba abin da ruwan zafi yake yi wa ƙafa irin wannan. Mai ciwon suga na shekara 12 sau da yawa fatar ƙafarsa ta rage jin zafi da sanyi, ko da kuwa ciki yana masa zugi. Ruwan da zai sa ke ki janye hannu, shi zai zauna a ciki har fata ta saɓule. Kuma zafi yana sa nama ya ƙara neman jini, alhali jinin ne babu. Ƙuna a lafiyayyar ƙafa kwana kaɗan ta warke. A wannan ƙafar kuwa, yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba kin ga inda ya kai babban yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ganyen da ake ɗaurawa da ɗanshi ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta. Haka tsaga, haka ƙaho, haka man zafi na shagon magani. Duk abin da zai huda fata, ko ya ƙona ta, ko ya jiƙa ta, a nisanta shi da ƙafar.

Ba na so ki yi faɗa da Baffa. Ɗan'uwansa yake gani yana wahala, ya kawo abin da ya sani. In kika tsaya gardamar sammu ne ko ba sammu ba, za ku kwana kuna yi, ƙafa tana ci gaba da lalacewa. Ki ce masa: "Baffa, addu'a da sauka da sadaka duk a ci gaba, ni ma zan sa hannu. Abu ɗaya likita ya hana, kada komai ya taɓa fatar." Sannan ki roƙe shi ya raka ku asibiti. Dattijon da aka ba shi matsayi a cikin tafiya ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda aka bari a gida yana jin an raina shi.

Yanzu kalmar da ta tsorata gidan. Likita ya ce mai yiwuwa a yanke, kunnen Baba ya ɗauki "yanke" ya zubar da "mai yiwuwa". Takardar da ke hannunki ta zuwa wurin likitan tiyatar jijiyoyin jini ce, kuma tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce ko akwai hanyar da za a mayar da jini ƙafar. A nan Kumasi babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, shi ne inda ake tura irin wannan. A Accra kuma Korle Bu ne. In akwai aikin da ba a yi a wuri ɗaya, su da kansu za su faɗa muku inda za ku nufa.

Gwajin farko ba shi da zafi. Za a auna ƙarfin jini a hannu, a auna a idon sawu, a yi lissafi, a raba lambar ƙafa da ta hannu. Lafiyayyen mutum yana samun tsakanin 1.0 da 1.4. Daga 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa, in ya sauka wajen 0.4 abin ya yi tsanani. Sai dai ki riƙe wannan: ciwon suga yana sa bangon jijiya ya yi tauri, har awon ya fito da kyau alhali ƙafa tana cikin yunwa. Saboda haka kyakkyawar lamba kaɗai ba ta isa a ce ku koma gida ba, akan ƙara da awon yatsa da kuma hoton na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, wadda ke nuna gudun jini. In za a yi aiki, sai a ɗauki hoton jijiyoyin gaba ɗaya bayan an zuba wani ruwa a jini. Ruwan nan yana iya wahalar da ƙoda, don haka za a fara gwada ƙodarsa, kuma in yana shan maganin suga na metformin a gaya musu, don wani lokaci sukan sa a dakatar da shi na ɗan kwanaki.

Hanyar gyara iri biyu ce. Akwai wadda ake zura siririyar waya ta matsematsi har wurin da ya tsuke, a hura ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, wani lokaci a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare ta. Wannan ba a cika sa mutum barci ba, wurin kawai ake kashewa. Ɗayar kuma tiyata ce sosai: a ciro wata doguwar jijiya daga ƙafar mutum shi kansa, ko a yi amfani da ta roba, a ɗinka ta sama da toshewar da ƙasa da ita, jini ya zagaye. Baba ya san wannan aikin, sabon tiyo ne aka ja aka kauce wa tsohon. Wace ce ta dace da shi, ya danganta da inda toshewar take, da tsawonta, da ƙarfin zuciyarsa da ƙodarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga gaskiyar da ba ta da daɗi. Yatsan da ya yi baƙi ya mutu, babu maganin asibiti ko na gargajiya da zai dawo da shi. Abin da ake kokawa a kai yanzu shi ne abin da ke sama da shi. In an samu jini ya dawo, mai yiwuwa yatsan kaɗai za a cire, mutum ya ci gaba da takawa da ƙafarsa cikin takalmi. In ba a samu hanya ba, ko ruɓa ta riga ta hau, sai a yi maganar ƙasa da gwiwa. In an ƙara jinkiri, sama da gwiwa. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa, domin dattijon da aka bar masa gwiwarsa ya fi samun sauƙin koyon tafiya da ƙafar roba nesa ba kusa ba, wanda aka yanke a cinya kuwa sau da yawa a keke yake ƙarewa. Na taɓa jinyar wani mahauci da ya zo da yatsu biyu baƙaƙe, aka ce a cire su, 'yan'uwa suka ɗauke shi cikin dare suka kai shi ƙauye. Bayan mako shida suka dawo da shi a bayan mota, zazzaɓi ya rufe shi, bai san inda yake ba. A cinya aka yanke. Har yau in na tuna, yatsu biyun nan nake gani. Kowane mako da takardar nan ta ƙara a jakarki, wurin yankan yana iya ƙara hawa sama.

Akwai alamun da in kin gan su ba a jiran ranar da aka rubuta. In baƙin ya fara jiƙewa, ko wari, ko mugunya, ko ja da kumburi suna hawa tafin ƙafa, ko zazzaɓi, ko Baba ya fara surutai, ko sugansa ya haura ya ƙi sauka, to ɗakin gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Haka in ƙafar gaba ɗaya ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ta mutu, ya kasa motsa yatsu. Wannan jini ne ya tsaya cak, kuma lokacin ceto sa'o'i ne kaɗan, kamar shida. In babu mota a kira 112.

Kafin ranar asibiti, yatsan a bar shi a bushe, a rufe da tsabtataccen bandeji sako-sako. Kada a ɗaure tamau, kada a sa masa safar nan mai matsewa da ake sayar wa masu kumburin ƙafa, kada kuma a ɗora ƙafar a kan matashi don wani ya ce jini zai sauka. Wancan na wata cutar ne daban, a nan ƙara zafi zai yi. Kwanan kujera ma yana kumbura ƙafa, kumburi kuma yana ƙara matse ɗan jinin da ke wucewa. Ki sa bulo ɗaya ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, gadon ya ɗan gangara, ki gani ko zai iya runtsawa a haka. Diddige kuma kada ya daɗe yana gugar katifa. Za ki ji masu cewa ya riƙa tafiya sosai jijiya za ta buɗe. Gaskiya ne tafiya magani ce ga wanda ke matakin ɗaurewar sharaɓa, da shekara biyu da suka wuce ne da ni ma na ce haka. Mai miki da zafin dare ya wuce nan, sai abin da likita ya ce.

Maganar alwala, kada ruwa ya taɓa yatsan. Addini ya ba da sauƙin shafa a kan ɗauri, da taimama in ta kama, liman zai yi masa bayani. Salla kuma a kujera, domin zaman tahiya yana danne ƙafar da ba ta da jini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Kada ki manta da ƙafar dama. Cutar nan ba kasafai take tsayawa a ƙafa ɗaya ba. Kullum da yamma ki duba ta da fitila, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin diddige. A wanke da ruwan da kika gwada da gwiwar hannunki, a tsane sosai, a shafa man kaɗanya saboda faso, musamman da hunturu, amma ban da tsakanin yatsu. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kuma a zazzage takalmin kafin ya sa. Mai yankan farce na bakin masallaci, an sallame shi ke nan.

Sigari. Na san mutum mai shekara 71 zai ce me ya rage. Abin da ya rage shi ne duk aikin da likita zai yi, sigari yana iya toshe shi cikin watanni. Ragewa zuwa kara biyu ba ta wadatar ba, komawa taba gari ma ba mafita ba ce. A tambayi likita abin da zai taimaka masa ya daina. Za a kuma rubuta masa magunguna da zai daɗe yana sha: na hana jini dunƙulewa kamar asfirin ko clopidogrel, na rage kitsen jini kamar atorvastatin, da na hawan jini da na suga. Wasu sukan yar da su don ba su rage zafin ƙafa ba. Ba aikinsu ke nan ba. Dattin da ya toshe jijiyar ƙafa yana nan a ta zuciya da ta wuya, kuma masu wannan cuta bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yi musu barazana a kan ƙafar kanta. Kada ki saya masa ko ɗaya da kanki. Maganin zafi kuma, ki daina karɓo diclofenac da ire-irensa a kemis, suna cin ƙoda da ciki. Ki gaya wa likita ƙarara cewa wata uku bai yi barci a gado ba, akwai magani mai ƙarfi da ya dace da irin wannan zafin.

Saura Baba shi kansa. "Gara in mutu da ƙafata" magana ce ta mutumin da ya yi rayuwarsa da ƙafa a kan totur, yake tsoron ya zama kaya a hannun 'ya'yansa, yake tsoron a nuna shi a unguwa. Kada ki yaudare shi ki ce allura kawai za a yi, ranar da ya gane ba zai ƙara yarda da ke ba. Kada kuma ku taru a kansa ku goma. Ki samu abokinsa ɗaya na tasha wanda suke wasa da dariya, ko limamin masallacinsu, su zauna da shi bayan la'asar. Abin da za a roƙa a wurinsa ƙarami ne: ya je a duba tiyon. Babu likitan da zai sa masa wuƙa bai sa hannu a takarda ba, a tabbatar masa da wannan. In liman ne, zai san labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Ruɓa ta kama ƙafarsa a tafiyarsa zuwa Sham zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmalik, likitoci suka ce a yanke, ya yarda, ya gode wa Allah da ya ɗauki gaɓa ɗaya ya bar masa uku, ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa. Ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

In ya ji komai daga bakin likita, da hankalinsa, ya ce duk da haka bai yarda da yanka ba, jikinsa ne, kuma hakkinsa ne. A nan sai ki nemi a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi da wankin miki, don ƙin tiyata ba ya nufin a bar mutum yana nishi har asuba. Amma ya yanke shawarar bayan an ga hoto, ba a kan kujera cikin duhu ba.

Kuɗi. Ki duba katin inshorar lafiyarsa yau, in wa'adin katin ya ƙare ana sabunta shi ta waya da *929#, kuma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Sai dai ki shirya, inshora ba ta ɗaukar komai. Hoton jijiyoyi da ƙafar roba suna cikin abubuwan da aka saba biya daga aljihu. Ki nemi a rubuta miki kuɗin kowane mataki, ki tura wa yayanki hoton takardar, ya san abin da ke gabansa tun yanzu. Akwai ofishin walwalar jama'a a manyan asibitoci, shiga wurinsu ba abin kunya ba ne. In har ta kai ga ƙafar roba, akwai tsohuwar cibiya a Nsawam da ta daɗe tana ƙera su tana koya wa mutane tafiya da su.

Ke kuma, wata uku kina kwana da kunne ɗaya a buɗe, da safe ki tafi Kejetia. Ki raba kwanan jinya da 'yan'uwa, ki faɗa musu ranakunsu da bakinki, kada ki jira su yi tayi. Ranar da za ku je, ku fita da sassafe. Ki zuba duk magungunansa a leda ɗaya har da na mai ganye, ki ɗauki katin asibitinsa na suga, da abin da zai ci in layi ya yi tsawo don kada sugansa ya faɗi. Ki rubuta tambayoyinki a takarda, ta farko ita ce: "Likita, akwai hanyar mayar da jini ƙafar nan, kuma in akwai, a ina ake yi, kwana nawa muke da su?" Ki rubuto mini abin da ya ce.